Mahucin Baba Danja

A garin Illela akwai wata mahaɗa da ake kira Kwanar Sito. Duk ɗan kabu-kabun garin ya san ta, kuma babu mai ƙaunarta.

Wani lungu ne ya taho daga bayan kasuwa, ya faɗo kan babban titin da ya nufi Konni. Lungun bai fito a miƙe ba, a karkace ya fito. Daidai bakinsa kuma ga doguwar katangar siton Alhaji Zakari, ta turo ciki har gefen kwalta. In kana kan mashin a cikin lungun, ba ka ganin abin da ke tahowa daga wajen Konni. Sai tayarka ta gaba ta hau titi sannan ka gani. A lokacin kuwa ganin ba shi da sauran amfani.

Babu danja a wurin, babu allo, babu mai ba da hannu. Abin da ke akwai shi ne wani tsoho mai sayar da goro.

Sunansa Malam Attahiru. Rumfarsa tana tsallaken titi, tana kallon bakin lungun. Daga kan bencinsa yana hango kudu da arewa. Kullum yana sanye da malfa, yana riƙe da mahucin kaba mai jan baki. In ɗan kabu-kabu ya iso bakin lungu, sai ya dubi rumfar. In mahuci yana sama, a tsaya. In mahuci ya yi shara zuwa ƙasa, a wuce.

Babu wanda ya sa shi wannan aiki, babu mai biyansa. Shi dai ya gaji da ganin jini a gaban rumfarsa, shi ya sa ya fara. Shekaru suka tafi a haka, har mutane suka manta da sunansa na yanka. Kowa sai ya ce Baba Danja.

Malam Attahiru yana da jika, sunansa Sahabi, ɗan aji biyar. Yaro ne mai kaifin kai, amma akwai son a ce ya iya. In babu makaranta, a rumfar kakansa yake wuni. Yana yayyafa wa goro ruwa, yana miƙa wa masu saye, suna tsokanar juna kamar yadda kaka da jika suka saba.

"Tsoho, hannunka ya gaji," Sahabi yakan ce. "Ba ni mahucin in taya ka."

"Kai da ko wandonka ba ka iya ɗaurewa?" in ji kakan. "Wanga mahuci ya hi ka nauyi."

"Kaba ce fa! Ko kaza tana iya ɗaukarta."

"To, jira kaza ta ba ka nata."

Akwai doka ɗaya da tsohon bai taɓa karyawa ba. In zai bar rumfa, sai ya tura mahucin ƙarƙashin tebur. Duk wanda ya iso bakin lungu bai ga mahuci ba, ya san babu Baba. Sai ya tsaya, ya leƙa da kansa, ya lallaɓa a hankali.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, gari ya cika ya batse. Motocin shanu da na albasa suna ta kai da kawowa. Da aka kira azahar, Malam Attahiru ya cire malfa ya rataye, ya tura mahuci ƙarƙashin tebur.

"Ka tsare min goro," ya ce. "Goro kaɗai nac ce."

"Na ji, Kaka."

Sahabi ya ji ɗin, amma da kunne ɗaya. Kakan yana shan kwana, ya ɗauko malfar ya kifa a kai. Ta sauko masa har hanci. Ya haye benci, ya tanƙwashe ƙafa irin zaman tsohon, ya jawo mahuci. Daga tsallaken titi, in ba ka ƙura ido ba, malfa da mahuci kawai za ka hango a saman tebur.

Wani ɗan kabu-kabu ya iso bakin lungu. Sahabi ya duba kudu, ya duba arewa, titi fayau. Ya yi shara da mahuci. Mutumin ya wuce yana ɗaga hannu.

"Allah shi ja kwana, Baba!"

Daɗi ya kama Sahabi har kunne. Wani ya zo, ya tsayar da shi har motar shanu ta wuce, sannan ya sallame shi. Nan fa kansa ya kumbura. Ya ce a ransa, ashe aikin da tsohon nan yake yi wa rowa ke nan?

Ana cikin haka sai wata babbar mota ta zo ta tsaya dab da rumfar, ta wajen arewa. Direban ya sauka ya tafi neman abinci. Motar ta tare titin Konni gaba ɗaya. Sahabi ya miƙa wuya, bai ga komai ba sai tayoyi.

Ya san abin da kakansa yake yi in haka ta faru. Tashi yake yi ya taka har bakin kwalta, ya leƙa. Amma in Sahabi ya tashi, kowa zai ga ba Baba Danja ba ne, wani ɗan guntun yaro ne a cikin malfar aro. Sai ya yi zamansa.

Daidai nan Yari ya iso bakin lungu. Yari matashi ne ɗan kabu-kabu, maƙwabcinsu Sahabi, mai yawan raha. Ya tsaya ya dubi rumfa. Mahuci bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba. Yari ya danna ham. Ya sake dannawa.

Sahabi ya kasa kunne. Hayaniyar kasuwa ta hana shi jin komai. Ya ce a ransa, ai tun ɗazu babu abin da ya taho ta can. Ya yi shara da mahuci.

Yari ya murɗa mai ya fito.

Wata a-kori-kura ce ta taho daga wajen Konni, shaƙe da buhunan albasa, tana zabga gudu. Direban ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara. Ji kake gau! Mashin ya yi gefe, Yari ya yi gefe. Buhuna suka fashe, albasa ta watsu a titi.

Sahabi ya diro daga benci. Ya fizge malfar ya rataye. Ya cusa mahuci ƙarƙashin tebur. Kafin mutane su waiwayo, yana tsaye yana yayyafa wa goro ruwa.

Nan da nan aka taru. Yari yana zaune a ƙasa, ya riƙe hannunsa na dama, gumi yana zuba. Direban, wani mai suna Halliru, ya diro yana salati. Shi bai ji ciwo ba, fitilar motarsa ce ta fashe.

"Kai wane irin mahaukaci ne?" in ji Halliru. "Ka hito min hakanan kamar akuya!"

"Kai dai ka gudu kamar an koro ka!" wani ɗan kabu-kabu ya mayar masa.

Halliru ya ce, "Babban titi nawa na! Wanda ke lungu shi ka jira!"

Malam Attahiru ya iso da sauri, ko takalmi bai gama sawa ba. Mutane suka buɗe masa hanya. Yari ya ɗago kai ya dube shi, idonsa ya yi ja.

"Baba, na tsaya," ya ce. "Wallahi na tsaya. Kai kac ce in wuce."

Tsohon ya dubi Yari. Ya waiwaya ya dubi rumfarsa, ya dubi jikansa. Sahabi ya sunkuyar da kai. 'Yan kabu-kabu sun fusata, wasu har sun fara ɗaga murya.

"Mahucin nawa na," in ji Malam Attahiru a hankali. "Ku kai yaron ga asibiti tukuna. Magana ba ta gudu."

Aka ɗauki Yari. Da yamma labari ya zo cewa hannun ya karye, an ɗaure shi. Zai daɗe bai hau mashin ba.

Kafin magariba zance ya gama gari, kuma kowa da irin gishirin da ya ƙara. Wasu suka ce idon Baba Danja ya mutu. Wasu suka ce gyangyaɗi yake yi. A cikin rububin ranar kasuwa babu wanda ya lura ko daga ina tsohon ya fito.

Washegari Malam Attahiru ya fita rumfa kamar kullum. Ya ɗaga mahuci, babu wanda ya duba. 'Yan kabu-kabu suka riƙa wucewa suna kau da kai. Waɗanda jiya suke cewa Allah shi ja kwana, yau ko sallama babu. Wani ma ya tsaya ya ce, "Tsoho, ka tahi gida ka huta, kar ka ƙarasa mu."

Kafin dare ya yi, mahaifin Sahabi, Malam Hamidu, ya sami tsohon a zaure. Sahabi yana bayan ƙofa yana ji.

"Baba, don Allah ka bar hita," in ji Malam Hamidu. "Mai unguwa ya aiko. Ran Alhamis bayan la'asar za a zauna. An ce a tashe rumfar, tunda ita ka ruɗin mutane."

"To," in ji tsohon.

"To kaɗai za ka ce? Wai da gaske idon na?"

"Hamidu, na ce to."

Daga ranar Malam Attahiru ya daina fita. Yakan zauna a zaure kan buzu, yana jan carbi. Goron ya fara bushewa a cikin huhu. In Sahabi ya gaishe shi, sai ya amsa da "lahiya lau" kawai. Babu tsokana, babu dariya. Sahabi da ya fi son a zage shi, ko a zane shi, da wannan shirun.

Sahabi ya daina cin abinci. Mahaifiyarsa, Inna Mairo, ta taɓa goshinsa.

"Ba zazzaɓi. Mi ad damuwarka?"

"Ba komai, Inna."

"Ba komai ba ya hana cin tuwo da miyar sure," ta ce. Ta ɗauke kwanon tana kallonsa.

Ranar Laraba a makaranta, ajin su Sahabi ya kaure da gardama. Malama Na'ima ta shigo ta tarar kowa yana magana. Ita ce malamar ajinsu, ba ta da duka, amma in ta dube ka sai ka gyara zama.

"Me ake sayarwa a nan?" ta tambaya.

"Malama, haɗarin Kwanar Sito muke magana," in ji wata yarinya. "Wai wa ke da laifi?"

Malama ta ajiye littafinta. Ta ɗauki alli ta zana titi a allo, ta zana lungu, ta zana katanga.

"To, ku faɗa mini."

"Mai mota ne, gudu yake yi!"

"Mai mashin ne, shi ya fito daga lungu!"

Wani yaro daga baya ya ce, "Tsohon nan ne. Babana ya ce ya makance, bai san gabas ba bai san yamma ba."

Sahabi ya miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Kakana yana gani sarai!"

"To, don me ya ce a wuce?"

Sahabi ya zauna ya kifa kai a benci. Hawaye suka zubo, ya kasa tare su.

Malama ta ci gaba da darasi. Da aka fita tara, ta ce ya tsaya. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Sahabi, ka san wani abu game da wannan haɗari?"

Ya gyaɗa kai. Sannan ya kwashe labari duka ya faɗa mata, tun daga malfa har zuwa babbar motar da ta tare masa gani.

"Da ka kaɗa mahucin, ka ga titi babu komai?"

"A'a, Malama. Ban gani ba. Tsammani na yi."

"To, ka ji inda laifinka yake," ta ce. "Ka ba da tabbaci a kan abin da ba ka gani ba. Sannan ka bar tsoho yana ɗauke da kayanka."

"Malama, ni na karya hannun Yari ke nan?"

"Kana da kaso, kuma ba ƙarami ba. Amma ba kai kaɗai ba ne. Dubi allon nan." Ta nuna zanen katangar. "Mahaɗar da sai an sami tsoho da mahuci kafin a wuce ta lafiya, ita kanta ba ta da lafiya. Wannan manya ne za su duba. Kai naka shi ne ka faɗi gaskiya kafin gobe."

"Za su kashe ni da duka."

"Ba za su kashe ka ba. Faɗa kam za ka sha. Wanne ya fi maka, faɗan yini ɗaya, ko kakanka ya ƙare kwanansa ana ce masa makaho?"

Sahabi ya goge fuska da hannun riga.

Da aka tashi bai tsaya wasa ba. Ya tarar da kakansa a zaure. Ya durƙusa a gabansa, jakar makaranta tana bayansa.

"Kaka, ni ne. Ni na kaɗa mahucin."

"Na sani," in ji tsohon.

Sahabi ya ɗago kai da sauri.

"Ni kullum kan mahuci nika turawa ciki, in bar mariƙi waje. Rannan na iske mariƙi ciki. Malfata kuma da zuhwar yaro."

"To, don me ba ka faɗa ba?"

"Ka ga idon mutanen ga rannan? Da na nuna ka, da ba mu kai ka gida da ƙahwarka ba. Bayan nan kuma, bakinka nika jira. In ni na hwaɗi, an kama ka. In kai ka hwaɗi, ka zama mutum." Ya ajiye carbinsa. "Har na hwara tsoron ba ka tahowa."

Wannan magana ta fi bulala zafi. Sahabi ya yi kuka sosai, kakan ya bar shi har ya gama.

Malam Hamidu da ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ɗauko tsumagiya, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Bar shi. Gobe gaban jama'a za ya tsaya. Wannan ta ishe shi."

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru. Mai unguwa ya ce ba a ƙofar gidansa za a zauna ba, a Kwanar Sito za a yi, don gani ya kori ji. 'Yan kabu-kabu sun zo da yawa. Ga Halliru direba. Ga Yari da hannu rataye a wuya. Ga Alhaji Zakari mai sito, an kawo masa kujera. Malama Na'ima ma ta zo ta tsaya daga gefe.

Shugaban 'yan kabu-kabu ya fara magana. Ya ce suna ganin girman Baba, amma tsufa ya zo, a tashe rumfar kowa ya huta.

Malam Hamidu ya tura ɗansa gaba. Sahabi ya tsaya a tsakiyar taro. Bai taɓa ganin idanu da yawa haka a kansa ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce da mai unguwa. "Ba Kaka ba ne. Yana masallaci. Ni na sa malfarsa, na ɗauki mahucin. Babbar mota ta tare ni, ban ga komai ba, na ce Yari ya wuce."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce, "Amma yaron ga an yi ɗan banza!" Wani ya ce a ba shi bulala goma a nan take. Mai unguwa ya ɗaga sanda, aka yi shiru.

"Yaro ya hwaɗi nashi," ya ce. "Ya yi laihi babba, kuma ya yi ƙoƙari da ya hwaɗa. Saura ku. Laihi tudu na, kowa ya taka nashi shina hangen na wani. Halliru, da wane gudu kat taho?"

Halliru ya sosa ƙeya. "Ranka shi daɗe, ina son in cim ma kasuwa."

"Cikin gari, ranar kasuwa, da lodi har sama. Ka iya tsayawa?"

"Ban iya ba."

"Yari, da anka kaɗa maka mahuci, ka leƙa da idonka?"

"A'a. Mun saba, in Baba ya ce a wuce, wucewa mukai."

"Mashin naka, rai naka, amma ido na wani?"

Yari ya sunkuyar da kai. Sauran 'yan kabu-kabun ma kowa ya kama kallon ƙasa, don duk haka suke yi.

Malam Attahiru ya ce shi ma yana da nasa. Ya bar mahuci inda hannun yaro yake kaiwa. Mai unguwa ya ce an ji. Ya ce direban babbar motar da ya tsaya a bakin mahaɗa shi ma da kasonsa, ko da yake ya yi gaba abinsa.

Sannan ya juya wajen Alhaji Zakari.

"Alhaji, saura katanga."

Alhaji ya gyara babbar riga. "Katanga kuma? Katanga ta tuƙa mota ko ta hau mashin? Tana nan inda take, ba ta taɓa kowa ba."

Aka yi 'yar dariya. Mai unguwa bai yi gardama ba. Ya sa aka kawo mashin aka tsayar a bakin lungu, daidai inda Yari ya tsaya rannan. Ya roƙi Alhaji ya hau. Alhaji ya tattare riga ya hau yana ƙunƙuni.

"To, Alhaji, dubi wajen Konni. Mi kag gani?"

Alhaji ya duba. "Katanga."

"In an ce ka hita yanzu, kana hita?"

Kafin ya amsa, wata motar shanu ta fito daga bayan katangar, ta wuce fuu a gabansa. Iskarta ta kaɗa masa hula. Alhaji ya dafe hular, ya sauko da sauri har riga tana harɗe shi.

"La ilaha illallahu! Hakanan kuke hita kullum?"

"Kullum, Alhaji," 'yan kabu-kabu suka amsa.

Alhaji ya tsaya yana kallon katangarsa kamar yau ya fara ganinta. Shi a mota yake zuwa, ta babbar ƙofa yake shiga, bai taɓa bin lungun ba. Can ya ce, "Jikokina ta nan suka biyowa zuwa Islamiyya. A kira magina. A rushe kusurwar ga, a ja ta baya."

A nan aka yanke sauran magana. Babu babbar motar da za ta ƙara tsayawa kusa da mahaɗar. Mai unguwa zai kai kuka ƙaramar hukuma a sa tudun rage gudu da allo. Duk mai fitowa daga lungu zai tsaya ya duba da idonsa, ko an ba shi hannu ko ba a ba shi ba. Maganar tashin rumfa kuwa, babu wanda ya sake tayar da ita.

Sahabi ma an yanke masa nasa. Kullum in ya taso makaranta, zai ɗebo wa gidan su Yari ruwa, ya yi musu aike, har hannun ya warke.

Da taro ya fara watsewa, Yari ya zo gaban Malam Attahiru. Ya durƙusa da hannunsa a rataye.

"Baba, ka yahe min. Ni na hwara kiran sunanka gaban mutane."

"Abin da kag gani kaf faɗi," in ji tsohon. "Tashi, Allah shi ba ka lahiya."

Shugaban 'yan kabu-kabu ya cire hula ya matso. Wanda ya ce tsoho ya tafi gida ya huta, shi ma ya zo yana ɓoye fuska a bayan mutane. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa miƙa hannu suna ba da haƙuri. Sahabi yana gefe yana kallo.

Shi ma ya je wajen Yari. "Ka yafe mini," ya ce.

Yari ya dube shi sama da ƙasa. "Na yahe. Amma ka sani, randarmu babba ta, kuma ƙannena sun iya shan ruwa."

Haka kuwa aka yi. Sahabi ya ɗebi ruwa har kafaɗunsa suka yi tsami. Abokansa suna ƙwallo, shi yana tura baro da jarkoki. Bai yi ƙorafi ba, don kullum yana ganin hannun Yari a ɗaure.

Magina suka rushe kusurwar katangar, suka ja ta baya. Yanzu daga cikin lungu kana hango titin Konni tun daga nesa. Bayan wani lokaci aka zo aka yi tudun rage gudu. Hannun Yari ya warke, ya koma kan mashin. Malam Attahiru ya koma rumfarsa, ciniki ya dawo har ya fi da.

Ranar da Sahabi ya kai ruwan ƙarshe, mahaifinsa ya kira shi. Ya zaunar da shi kusa da shi a kan tabarma.

"Mi ka koya?" ya tambaya.

"Kada in taɓa abin da aka hana ni," in ji Sahabi.

"Wannan ɗaya. Sai mi?"

Sahabi ya yi tunani. "In ban gani ba, in ce ban gani ba. Kuma in na yi laifi, kada in bar wani ya ɗauka."

Malam Hamidu ya dafa kansa. "Allah shi yi maka albarka. Tashi ka ci tuwonka."

Sahabi ya ci, har ya nemi ƙari.

Yara, ku riƙe wannan. Faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Kada ku ce wa mutum hanya lafiya alhali ba ku duba ba, don da maganarku zai jefa ransa. In kun zo mahaɗa, ku tsaya, ku duba da idonku. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin wanda bai ji ba bai gani ba ya sha wuya a kansa.